Dan Allah meye bambancin firamwok da laburare?

sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗan fara koyon JavaScript, HTML da CSS kam na iya daidai gwargwado, to yanzu duk bidiyon da na buɗe sai in ji wannan ya ce React laburare ne, wancan ya ce Angular firamwok ne, wani ma cewa ya yi duk ɗaya ne. Wallahi kaina ya ɗaure. Meye bambancin, kuma da wanne zan fara?

mai_python:
Wa alaikumus salam. Abu ɗaya za ka riƙe, wa ke kiran wa. Laburare kai ke kiransa sanda ka ga dama, misali a Python ka rubuta requests.get() ya ɗauko maka shafi daga intanet, shi ke nan ya gama nasa, yadda za ka tsara sauran aikin ba ruwansa. Firamwok kuwa linzamin a hannunsa yake. Ɗauki Django, firamwok na Python, za ka rubuta aikinka a views.py ka jera adireshi a urls.py amma ba kai za ka kira aikin ba, sai wani ya buɗe shafin tukuna Django ya duba adireshin ya kira kod ɗin da ka rubuta. Ya zo da hanyar magana da rumbun bayanai, da tsarin rajistar masu amfani, har shafin admin a shirye, sharaɗin dai ka bi tsarinsa.

yar_kod:
Malam mai_python bayanin ya yi, amma fa React ba ta zauna daram a ma'aunin nan ba, don ita ma ita ke kiran kod ɗinka duk sanda za ta sabunta shafi. Facebook ne suka fitar da ita a 2013 kuma su laburare suke ce mata saboda abin da ido ke gani kawai ta sa gaba, ko tsallakawa daga shafi zuwa shafi sai ka ƙaro React Router, ko ka hau firamwok ɗin Next.js da aka gina a kanta. Angular ta Google kuma komai na ciki, sai dai TypeScript, wato JavaScript mai ƙarin ƙa'idoji, na jiranka.

sabon_shiga:
Na gode sosai. To kenan in faɗa React kawai?

tsohon_hannu:
A'a ƙanena, dakata. Za ka iya sa maɓalli ya canza rubutu da addEventListener? Ka iya ɗauko bayanai da fetch ka jera su a shafi? In amsar a'a ce React wahala kawai za ta ba ka, kuskure zai fito ja a allo ka rasa na JavaScript ne ko na React. Lokacin da jQuery ke tashe, wata laburaren JavaScript da ta fito a 2006, da yawa sun haddace ta ba su san JavaScript ɗin kansa ba, yanzu kuma querySelector na burauza na yin aikin zaɓo sassan shafi da take yi. Ka fara gina ɗan shafin jera ayyuka da JavaScript zalla, mai ƙarawa da gogewa, in ya yi aiki ka sake gina shi da React ka turo mana kod ɗin duka biyun mu duba.