Baba ya ƙi hoton ƙashi saboda kalmar "nukiliya"

Jama'a, ku taimaka min. Likita ya rubuta wa Babanmu hoton SPECT, a duba ko ciwon dajin mafitsararsa ya taɓa ƙashi. Ya ce ana yin allurar teknishiyam, wani sinadarin nukiliya mai fitar da ɗan tururin radiyeshin, a jijiya, a jira awa 2 zuwa 4 ana shan ruwa, sannan na'ura ta zagaya jiki ta haɗa hoton ta kowane ɓangare. Ƙarfin sinadarin yana raguwa rabi duk awa 6.

Baba dai da ya ji "nukiliya" ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin darduma, wai ba za a sa masa bam a jini ba. Ni kuma matata tana da ciki, gida ɗaya muke a Gwammaja. Sai ta nisance shi ranar? Wa ya taɓa raka tsoho wannan gwajin, da me kuka lallashe shi?