Me za mu kira mai tsayawa tsakanin madafa da masu kai abinci?

Mai gidan abinci, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalma nake nema. A gidan abinci mai cika akwai mutum ɗaya da ba ya girki, ba ya kai faranti tebur, amma in babu shi aiki ya dagule. Tsayuwarsa a bakin tagar da abinci ke fitowa. Takardar oda ta faɗo, shi zai karanta wa kuku da ƙarfi. Shi zai duba faranti kafin ya fita, shi zai sanar da masu sabis cewa kaza ta ƙare kada su ƙara karɓar odarta. Amurkawa na ce masa ekspedaita, a taƙaice ekspo. Kun dai san abin da ekspo ke nufi a gida lokacin jarrabawa. Ba zan ɗora wa yaron kirki wannan suna ba.

Kuku, Jarwal, Makka:
Wa alaikumus salam Alhaji. A wurinmu munassiƙ ake cewa, na Larabci, wato mai tsarawa, tunda madafar cike take da Yamalawa da 'yan Bangaladash. Ni ban ga laifinta ba.

Mai gidan abinci:
Babu laifi, sai dai ta yi faɗi. Mai tsara motocin alhazai ma munassiƙ ne. Yaron da ya sauka jiya daga Kano in ya ji ta ba zai san inda zai tsaya ba.

Malamin koyon girki, Madina:
Aikin yana da asali. Auguste Escoffier, kukun Faransa da ya kama madafar otal ɗin Savoy a Landan a 1890, shi ya shahara da tsara madafa irin ta rundunar soja: mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi daban. A wannan tsari mai kiran oda sunansa aboyeur, wato mai haushi, irin na kare. Ni dai ina ba da shawarar sanƙira, ko mai shela.

Hajiya mai tuwo, Shara Mansur, Makka:
Malam, sanƙira ya faɗa ya wuce, ba ruwansa da ko an ji. Wannan kuwa kiran shi ne ƙaramin aikinsa. Babban aikin lissafin lokaci ne. Mutum huɗu sun zauna tebur ɗaya. Biyu sun ce mandi, shinkafa da nama, wanda tun rana naman ya nuna a rami, zubawa kawai za a yi. Ɗaya ya ce gasasshen kifi, sai an ɗora shi yanzu. Na huɗu fatira yake so. In aka zuba mandi tun farko zai huce yana jiran kifi, in aka kai shi shi kaɗai mutum biyu na ci biyu na kallo. Shi ne zai ce wa mai shinkafa dakata, ya ce wa mai gashi ɗora, har su haɗu a taga tare. Da azumi abin ya fi tsanani, don kowa kiran Magariba ɗaya yake jira. Yanzu ga 'yan HungerStation da Jahez, masu kai abinci gida-gida, sun yi cirko-cirko a ƙofa, su ma ta hannunsa odarsu ke bi. Wanda ke riƙe da duk wannan a ka ba maroƙi ba ne.

Kuku, Jarwal:
Gaskiyar Hajiya. Kuma shi ke shan zagi ta gaba da baya. Masu sabis su ce madafa ta cika nawa, mu mu ce sun jibgo oda goma lokaci guda. Da babu shi sai kowane ɗan sabis ya leƙo yana yi mini magana, ni kuwa murya ɗaya nake iya ji in wuta ta yi wuta. To a ce jakada mana.

Malamin koyon girki:
Jakada saƙo yake kaiwa, ba ya mayar da faranti ya ce a sake. Wannan yana da ikon haka. Ɗan aike ma shi ya sa bai dace ba. Dillali kuma sai a zaci la'ada yake ci.

Wani dattijo, Karantina, Jidda:
'Ya'yana, kun tafi nesa. Bahaushe in ya ba mutum iko a kan wuri ɗaya, sarki yake ce masa: sarkin fawa, sarkin tasha, sarkin ruwa. Ina wannan yake tsayawa? Taga. Larabawan ma shubbak suke ce wa wurin. Ku ce sarkin taga ku huta.

Kuku, Jarwal:
Baba, to ni da nake babban kuku fa? A naɗa sarki a kaina?

Dattijo:
Sarkin fawa bai taɓa hana sarkin gari barci ba. Ikonsa daga bakin taga ya tsaya. Gishirin miyarka ba hurumin sa ba ne, amma lokacin fitarta nasa ne.

Hajiya mai tuwo:
Ta zauna a baki. In mace ce fa, Baba? A wurina 'yata ce ke yi.

Dattijo:
Ki ce mai taga. Kowa ya shiga ciki.

Mai gidan abinci:
Na karɓa, Allah Ya saka. A takardar rabon aiki zan rubuta sarkin taga, aikin kuma riƙon taga, yadda za a ce wa ke riƙe da taga yau. Cikin hayaniya "Taga!" kaɗai ta isa. Ɓangarorin biyu kuma, madafa da zaure nake so mu riƙa cewa, maimakon matbak da sala.

Kuku, Jarwal:
Madafa na yarda. Zaure kuwa da sauran magana, Alhaji. Tun Disamban 2019 aka daina tilasta ƙofar iyali daban da ta gwauraye, amma gidaje da yawa har yanzu ɗaki biyu gare su. Wanne ne zauren?