Tarihin zamana a Legas: me zan faɗa, me zan bari a ciki?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Na fara rubuta tarihin zamana a Legas, tun daga zuwana ci-rani ina saurayi har zuwa yau da Allah ya rufa mini asiri da shagon hatsi da iyali a Agege, kuma niyyata in buga shi ɗan ƙaramin littafi da sunana.

Damuwata ita ce masu karantawa ba iri ɗaya ba ne. Mahaifiyata da ke gida, wadda na san jikoki za su karanta mata, har gobe tana ɗauka cewa tun ranar da na sauka kasuwanci nake yi, alhali kuwa na yi dako a kasuwar Mile 12, na yi gadi a Ikoyi, na kwana a barandar masallaci da takalmina a ƙarƙashin kai don kada a ɗauke. Akwai surukaina, akwai 'ya'yana haifaffun Legas, akwai kuma maƙwabtana Yarbawa, waɗanda da yawansu a Agege suna jin Hausa ƙwarai. Amma ainihin waɗanda nake yi wa rubutun su ne samarin da ke hawo bayan tirela daga Arewa suna zaton kuɗi a ƙasa ake tsinta a nan.

Idan na faɗi komai, dole in ambaci ubangidana na farko, Bahaushe ɗan'uwana, wanda ya riƙe mini haƙƙin aikina har ya rasu, kuma 'ya'yansa muna sahu ɗaya da su a masallaci. Dole in taɓo aurena na fari da ya mutu, da abin da idona ya gani a rikicin Hausawa da Yarbawa na Mile 12 a watan Maris 2016. Idan kuma na cire waɗannan, me ya rage in ban da yabon kai? Ina iyakar gaskiyar da ya kamata mutum ya faɗa a gaban jama'ar da ta haɗa uwarsa da abokin cinikinsa?

Almajirin Idi-Araba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka tara abubuwan da hukuncinsu ya bambanta a wuri ɗaya, shi ya sa lamarin ya yi maka nauyi. Dako da gadi da kwanan masallaci ba abin kunya ba ne a shari'a, neman halal ne, kuma labarinka ne kai kaɗai, kana da ikon ba da shi. Abin da aka hana mutum tonawa game da kansa shi ne saɓon da Allah ya rufa masa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa dukkan al'umma ana yi mata afuwa in ban da masu bayyana laifinsu. Saboda haka idan akwai wani abu na ƙuruciya da ka tuba daga gare shi, ka bar shi tsakaninka da Ubangijinka.

Maganar ubangidanka ce mai wuya. Kasancewar abu gaskiya ba ya fitar da shi daga giba, domin ma'anar giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi alhali abin yana tare da shi. In babu shi kuwa, ya zama ƙage, wanda ya fi muni. Imam Nawawi ya kawo wurare shida da aka yi rangwame, daga ciki akwai kai ƙarar azzalumi wurin mai iya ƙwato haƙƙi, da gargaɗin Musulmi daga cutar wani. To, mutumin nan ya rasu, ba zai ƙara cutar kowa ba, kuma littafi ba kotu ba ne. An kuma hana zagin matattu. Idan haƙƙinka kake so, ka sami magadansa a keɓe, ko ka je ta hannun Sarkin Hausawan unguwarku. Idan kuwa darasi kake son samari su ɗauka, ka bayyana yadda ake cin gumin baƙo dalla-dalla, ba tare da wata alama da za ta nuna gidan ba.

Maman Hanifa ta amsa:

Na yarda da Malam a kan mamaci, amma ina tsoron kada a yi ta rage labarin har ya zama lami. Mu Hausawan Legas mun daɗe muna ɓoye wa na gida gaskiya. Mutum zai yi shekara yana kwana a rumfar kasuwa, sallah ta zo ya ɗinka shadda ya tafi gida yana rabon kuɗi, ƙannensa su gani su ce su ma sai Legas. Lokacin da gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga 1 ga Yuni 2022, mun ga yaran da aka ƙwace wa babura suna zaune jugum, sun kasa ko kiran gida, domin ba su taɓa gaya wa iyayensu sana'ar da suke yi ba. Wannan alkunyar tamu tana da hannu a wahalarsu. Don haka Yaya, batun dako da gadi kada ka rage ko kalma ɗaya.

Sai dai ka je ka gaya wa Hajiya da bakinka kafin littafin ya fito. Uwa za ta iya jure jin cewa ɗanta ya sha wuya, abin da ba za ta jure ba shi ne ta ji shi a bakin kishiya ko maƙwabciya.

Game da aurenka na fari, a nan zan tsaya a bayan 'yar'uwata mace. Kai ne mai alƙalami, ita ba ta da inda za ta mayar da amsa, kuma wataƙila tana ɗakin wani mijin da 'ya'yan da za a yi wa gori. Ka ce kun rabu, ka faɗi halin da rabuwar ta jefa ka, ka tsaya nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Lauya Mai Koyo ya amsa:

Baba, bari in ƙara ta fuskar doka. Sauya suna kawai ba ya kare marubuci daga ƙarar ɓata suna matuƙar waɗanda suka san mutumin za su gane shi daga siffantawar, kuma a unguwa irin Agege, inda Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro kowa ya san gidan kowa, ambaton sana'ar mutum da layinsu ya isa. Gaskiya kariya ce a kotu, amma kai ne za a ɗora wa nauyin tabbatar da ita, kuma da wuya a sami takarda ko shaida a kan yarjejeniyar baka da aka yi tun da daɗewa. Ka kuma tuna cewa shafi ɗaya za a ɗauka a hoto a yaɗa ta waya ba tare da na gabansa da na bayansa ba, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko da yake an yi masa gyara a 2024.

A kan rikicin 2016, shawarata ka rubuta abin da ka gani da idonka kaɗai, ka raba shi da abin da aka ba ka labari, kuma kada ka jingina aikin wasu tsiraru ga ƙabila gaba ɗaya. Idan akwai wanda ya taimake ka a ranar, daga kowane ɓangare yake, shi ma ya shiga littafin, amma ka nemi izininsa tukuna, domin ba kowa ne yake son mutanensa su san ya ɓoye wani ba.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan je gida in zauna da Hajiya kafin komai, babin aure kuma zan taƙaita shi kamar yadda Maman Hanifa ta ce. Wanda ya ɓoye ni a shagonsa ranar rikicin Bayarabe ne mai sayar da taya, yana nan da ransa, zan same shi in ji ta bakinsa. Abin da ban gama warwarewa ba shi ne na ubangidana, domin duk wanda ya san ni a wancan lokacin ya san a gidan wa na zauna, ko da ban siffanta shi ba. Malam, idan na sami babban ɗansa na karanta masa babin ya ce ya yarda, shin yardar magaji tana wadatarwa a madadin mamaci, ko kuwa haƙƙin yana nan?