Kuɗin abinci idan za a je Turai da iyali

Ga abin da na tsinto daga bayanan da jama'a suka yi kan yadda za a rage kuɗin abinci a irin wannan tafiya:

1. Kusan kowa ya ce a kama masauki mai kicin. Karin kumallo da abincin dare a gida, cefane a manyan kantuna irin su Lidl ko Aldi.

2. A Jamus kantuna a rufe suke ranar Lahadi, a yi sayayya tun Asabar. Robar ruwa kuma kada a yar, a mayar da ita kanti a karɓi santi 25.

3. In za a ci a waje, a ci da rana, ya fi araha. A Faransa ruwan famfo kyauta ne a gidan abinci, sai dai ka tambaya. A Italiya sukan ƙara kuɗin zama a kan lissafi.

4. Naman halal: shagunan Turkawa da Larabawa. A Paris, unguwar Château Rouge akwai kayan miyarmu.

5. Guzuri ne aka rabu a kai. Wasu sun ce a ɗauko garin rogo da yaji, wasu suka ce wahalar kaya ce kawai. Kilishi dai babu gardama, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje.

Suwizalan kuwa, duk wanda ya ambace ta da tsada ya haɗa.