Abin da aka tsinta kan kiɗan tsirkiya a waƙoƙin indi

Jama'a, zancen da aka yi ta yi kan kiɗan tsirkiya a waƙoƙin indi (wato waƙoƙin Turawa na mawaƙa masu zaman kansu, ba na Indiya ba) ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda lasifikar waya ba ta fitar da wannan kiɗa. Sa abin kunne, ka bi kayan kiɗa ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta. Rukunin da aka fi ji na mutum huɗu ne: bayolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya, dukansu kayan kiɗan Turawa ne masu kama da goge. Da yawa sun ce a fara da celo, mai kaurin murya kamar dattijo. Da kunne ya kama shi, sauran za su fito fili. Wani ya ce a kasa kunne ga inda makaɗa ke ajiye sandar gogawa suna taɓa tsirkiya da yatsa, ɗis-ɗis, kamar yayyafi a kan kwano.

2. Sunayen ƙungiyoyin mawaƙa da suka yi ta dawowa: Belle and Sebastian, da aka kafa a birnin Glasgo na Scotland a 1996, da Arcade Fire na Kanada, ƙungiyar da makaɗin bayolin Owen Pallett ya tsara wa kiɗan tsirkiya.

3. Inda aka rabu: makaɗa na gaske ko sautin kwamfuta? Wasu sun ce kwamfuta ba ta da ɗan karcen nan na gashin doki a kan tsirkiya, wanda duk mai jin goge ya sani. Wasu suka ce ƙaramin mawaƙi ba shi da kuɗin ɗaukar makaɗa, a yi masa uzuri. Ni dai ina tare da na farko.

4. Mutum biyu sun yi ƙorafin ana lulluɓe raunin waƙa da yawan bayolin. Ba wanda ya musa.