Don Allah masu harkar gahawa ku warware min

Dan Garwa:
Salam yan uwa, ina son in kara gahawa a teburin shayina amma maganar masu sayarwa na rikita ni, wannan yace arabika wancan yace robusta, a jikin leda kuma ga mulu ga angiren, wanne zan dauka?

Mai shayi Ngaundere:
Wslm dan uwa. Angiren kwaya ce ba a nika ba, mulu kuma nikakke. Arabika ta kasar tudu ce wajen Bafusam da Bamenda a nan Kamaru, tafi kamshi tafi tsada, robusta ta wajen Nkongsamba ce tafi daci kuma kafeyin dinta, wato sinadarin dake hana barci, kusan ninki biyu na arabika. Ni dai angiren nake saye, nikakke kamshinsa baya dadewa wlh.

Hajiya Kuseri:
Dana in danya ka samu fara tsincewa tukun, fidda baki da wanda kwaro ya huda da tsakuwa, kwaya daya rubabbiya sai ta bata maka tukunya. Wajen suya kar hannunka ya tsaya, zaka ji ta fara fashewa tas tas, wannan fashin farko kenan, in ka kai ta fashi na biyu tayi baki mai ya fito, daci zalla. Mu nan da citta muke dafawa.

Dan Garwa:
Nagode Hajiya, Allah ya saka. Cittar tare ake dakawa ko sai ruwa ya tafasa?