"Filthy rich" yabo ne ko zagi?

Malam Tafinta: Na ga ana juya "he is filthy rich" zuwa "ya tara kuɗin haram". Ni dai ban yarda ba. Me kuka gani?

Maman Ummi: Da gaskiyarka, Malam. Tushensa "filthy lucre" ne, ƙazamar riba, daga fassarar Baibul ta William Tyndale ta 1526. Amma yau babu zargin sata a ciki. Kuɗin ne suka yi yawa har abin ya fara ba mutane haushi. Maganar hira ce, ba ta takardar ofis ba.

Baban Khalifa: Hajiya, kin wanke shi da yawa, akwai ƙanshin hassada a jikinsa. Mai son cewa "hannu da shuni" ba tare da habaici ba sai ya ɗauki "well-heeled". Zagi tsantsa kuwa "fat cat" ne. A Amurka ya fito a shekarun 1920, kan attajirai masu zuba wa 'yan siyasa kuɗi. A Ingila yanzu shugabannin kamfanoni masu ƙazamin albashi ake jifa da shi.

Malam Tafinta: To "cash cow" fa? Saniyar tatsa kenan, ko?

Maman Ummi: Nan ake zamewa. A wurinmu saniyar tatsa wanda ake cuta ne. A wurin Turawa haja ce da ta kama kasuwa, tana kawo riba ba tare da an ƙara mata jari mai yawa ba. Jadawalin da kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, Boston Consulting Group, ya fitar a 1970 ne ya yaɗa shi. Ka sa saniyar tatsa a rahoton kamfani, mai karatu zai ɗauka zalunci ake yi.

Baban Khalifa: Ban musa ba, sai dai su ma in gwamnati ta matsa wa direbobi da tara, "cash cow" jaridunsu ke cewa. A can fassarar ta zauna daram.

Yaya Babba: Ku kula da "a dime a dozen". Guda 12 a senti 10: yawa ne, amma na abin da ya yi araha har ya rasa daraja. Kada a yabi mutum da shi. 'Yan Ingila "ten a penny" suke cewa.

Malam Tafinta: "Rich as Croesus" kuma Ƙaruna nake sa wa.

Yaya Babba: Da sharaɗi, Malam. Croesus sarkin Lidiya ne, a yammacin Turkiyya ta yau, kuma dukiya kawai ake nufi da sunansa. Ƙaruna kuwa yana tafe da girman kai da haɗiyewar ƙasa. In labarin ba na suka ba ne, "hamshaƙin attajiri" ya wadatar.